A Zana Kogunan Arewacin Kano Tun Suna Nan

A watan Fabrairun 1851 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya iso Kano. Cikin abubuwan da ya bari akwai zane-zanen da ya yi da hannunsa a kan hanya, waɗanda daga baya wani mai zane mai suna Johann Martin Bernatz ya gyara aka buga a littattafan tafiyarsa a 1857 da 1858. Ɗaya daga cikinsu yana nuna birnin Kano kamar yadda ake hango shi daga dutsen Dala. Har yau duk mai son sanin kamannin birnin a tsakiyar ƙarni na sha tara sai ya koma ga wannan zane, duk da sanin cewa hannun Bernatz, wanda ya yi aikin a Turai, ya shiga tsakanin idon Barth da takardar. Baƙo ne ya yi shi, a gurguje, amma ya rayu fiye da shekara 170 saboda babu wani da zai maye gurbinsa.

Birni ya samu wannan ɗan rabo. Karkarar da ke ciyar da shi kuwa, musamman kogunan da ke ratsa gonakin arewacin jihar, ba ta samu ko kwatankwacinsa ba. An auna Jakara da Tomas da Gari da Watari, an datse su, an rubuta rahotanni a kan ruwansu, amma da wuya a sami jerin zane da ke nuna yadda gaɓarsu take a idon mutumin da ke tsaye a bakinsu, damina da rani, shekara bayan shekara. Yanzu da kwamfutar hannu mai siffar allo, wadda za a iya kira allon lantarki, ta shiga jakar malaman makaranta da injiniyoyi da ma'aikatan gona, cike wannan giɓi ya zama abu mai yiwuwa. Zama a bakin kogi a zana abin da ido ya gani aiki ne na adana shaida, kuma ya cancanci masu ilimi su ɗauke shi da muhimmanci. Sai dai amfaninsa yana tare da sharaɗi: a zana kogin da ke nan, a rubuta ranar, a kuma dawo wuri ɗaya a sake.

Koguna na yashi

Kafin a yi maganar zane, ya kamata a san abin da za a zana. Ƙasar da ta kewaye Kano tana cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da kuma Jami'ar Bayero, ya wallafa nazari a kanta tare da J. Wilson a 1965, ya kuma ci gaba da bibiyar ta shekaru da dama, har da aikin da aka yi a ƙauyen Tumbau a shekarun 1990. Abin da binciken ya nuna ya saɓa wa zaton da yawa daga masana na wancan lokaci. Mutane ɗaruruwa a kowace murabba'in kilomita suna noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da hutar da shi ba, amma ƙasar ba ta mutu ba, domin ana ciyar da ita da takin dabbobi da tokar gida da sharar birni, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, ana kuma kare itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo. Wannan fili aikin hannun mutane ne, kowane taku nasa yana da mai shi.

Kogunan da ke ratsa shi ba irin waɗanda ake gani a hotunan kalanda ba ne. Ruwan sama yana zuba wata huɗu zuwa biyar, ya kai ƙololuwa a Agusta. A lokacin kogi yakan cika ya tumbatsa, ruwansa jawur saboda ƙasar da ya kwaso daga gonaki. Da kaka ta wuce sai ya janye, ya bar kududdufai nan da can. Zuwa bazara abin da ya rage shi ne shimfiɗar yashi, wadda shanu ke bi, yara ke wasa a kai, mata kuma ke tona ta su sami ruwan da ya ɓuya a ƙarƙashi. Kogin bai tafi ko'ina ba, ya dai nutse ne cikin yashinsa, kuma a kan wannan ɓoyayyen ruwa noman fadama ya dogara.

A cikin shekara hamsin ɗin da suka wuce kamannin waɗannan koguna sun sauya fiye da yadda suka sauya a ƙarnuka. Gwamnatin Audu Baƙo, wadda ta mulki jihar daga 1967 zuwa 1975, ta buɗe zamanin gina madatsun ruwa, fari na farkon shekarun 1970 kuma ya ƙara wa shirin ƙaimi. An kammala Tiga a 1974, sannan a shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka datse Jakara a Wasai ta yankin Minjibir, Tomas ta yankin Ɗambatta, Gari ta yankin Kunci, Watari kuma a Bagwai. Inda da yashi ne aka samu tafkuna, masunta suka zo, noman rani ya faɗaɗa. Injin ban ruwa mai shan fetur ya kori jigo. Jakara, wanda Hugh Clapperton ya tarar a 1824 fadama ce da ta raba birnin, ya zama magudanar dattin gidaje, rafin Getsi kuma yana kawo masa ruwan masana'antun Bompai kafin ya isa lambunan latas da kabeji da alayyafo da ke gaɓarsa. A mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin rufe wani sashe nasa na cikin birni domin shimfiɗa titi a kai. A wasu kogunan kuma tifofi suna kwasar yashi dare da rana don gine-ginen birnin da ba ya daina girma, gaɓa tana zubewa, gonaki suna tafiya da ita.

Duk wannan ya faru a gaban mutanen da har yanzu suna raye. Dattijon Wasai zai iya faɗin inda wata kuka take kafin ruwa ya shanye ta. Amma ranar da ya kwanta dama, kukar ta sake nutsewa karo na biyu.

Me ya hana a ɗauki hoto kawai?

Wannan ita ce tambayar da mai hankali zai fara yi, kuma tana da nauyi. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton doron ƙasa tun 1972, an kuma buɗe taskarsu kyauta tun 2008. Kowace wayar hannu tana da kyamara. A cikin wannan yalwa, me zane zai ƙara?

Tauraro yana kallo ne daga sama. A yawancin hotunan Landsat kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, a na Sentinel-2 na Turai kuma mita 10. Irin wannan ido yana iya nuna cewa tafki ya ragu, amma ba ya nuna tsayin gaɓar da ta zube, ko saiwar mangwaron da ta fito fili, ko bambancin gonar albasa da ta tattasai, ko hanyar da makiyaya suka saba bi zuwa mashaya wadda yanzu an shuka masara a kanta. Rigingimun fadama kuwa a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa suke tashi.

Kyamarar waya tana tsaye a ƙasa, amma tana da nata rauni. Tana ɗaukar komai lokaci guda ba tare da fifita wani abu ba, kuma tana yin haka cikin ƙiftawar ido, kafin mai riƙe da ita ya lura da abin da ke gabansa. Mutum zai iya dawowa daga Tomas da hoto ɗari biyu, a tambaye shi ta wane gefe iska ke kaɗa ruwan, ya rasa amsa. Mai zane ba shi da wannan mafaka. Kafin ya ja layin gaɓa dole ya yanke shawara: tsayinta ya kai na mutum, ko ya tsaya a ƙugu? Itacen can gawo ne ko marke? Duhun da ke kan ruwan inuwa ce ko gansakuka? Kowane layi amsa ce ga wata tambaya, kuma idan bai san amsar ba dole ya tashi ya je ya duba, ko ya tambayi mai gonar. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Zane horo ne da ke kaifafa wannan sanin kima.

Tarihi ya nuna cewa irin wannan kallo yana iya zama hujjar ilimi. A 1821 da 1822 John Constable, mai zanen Ingila da ya taso a bakin kogin Stour, ya riƙa fita filin Hampstead yana zana gajimare, yana rubuta a bayan takardun ranar da sa'ar da inda iska ta fito. Bayan fiye da ƙarni ɗaya da rabi masanin yanayi John Thornes ya kwatanta waɗannan zane-zane da bayanan yanayin London na waɗancan ranaku, ya ga sun dace ƙwarai. Ƙwarewar hannun Constable ta sa zanen ya yi kyau, amma ɗan rubutun da ke bayan takarda shi ya mai da shi shaida.

Babu mai cewa zane zai maye gurbin ma'aunin safiyo ko gwajin ruwa a ɗakin bincike. Abin da yake bayarwa daban ne: yana tara abin da ido ya zaɓa, da abin da baki ya faɗa, da lokacin da aka gani, a shafi guda. A gefen zanen ana iya rubuta sunan da mutanen wurin ke kiran wannan lanƙwasa ta kogi, da sunan ciyawar da ta mamaye bakin ruwa, da shekarar da dattawa suka ce ambaliya ta kai gindin tsamiyar can. Taswirar gwamnati ba ta ɗauke da waɗannan sunaye, kuma su ne ke fara ɓacewa.

Abin da allon ya sauƙaƙa

Zane a fili, nesa da ɗakin aiki, ya daɗe yana jiran kayan aiki. A Turai masu zane sun jima suna fama da niƙa launi da adana shi a cikin mafitsarar dabba, har zuwa 1841 lokacin da Ba'amurke John Goffe Rand ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai laushi da ake matso fenti daga ciki. Wannan ɗan ƙaramin abu ya taimaka wajen fitar da masu zane zuwa bakin ruwa. Claude Monet har jirgin ruwa ya mayar ɗakin aikinsa a kan kogin Seine a shekarun 1870. A wannan zamani David Hockney, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya ɗauki iPad ya riƙa komawa wata hanyar karkara mai suna Woldgate a gabashin Yorkshire daga hunturu zuwa farkon zafi na 2011, yana zana sauyin itatuwa da kududdufai. An baje fiye da hamsin daga cikin zanen a London a 2012. Darasin aikinsa shi ne naci: wuri ɗaya, ranaku daban-daban.

Ga mai zane a Bichi ko Gezawa allon lantarki yana warware matsaloli na zahiri. Fenti mai kyau da takarda mai ɗaukar ruwa kayan waje ne, suna da tsada, samun su kuma sai an shiga birni. A iskar hunturu launin ruwa yana bushewa a kan buroshi kafin ya taɓa takarda, ƙura kuma tana manne wa fentin mai. Allo ba ya ƙarewa da launi. Yana riƙe ranar da aka yi aiki. Yana ba da damar jera zane hawa-hawa, a ɗora na Agusta a kan na Maris, a ga da ido inda ruwa ya kai da inda gaɓa ta ja baya. Manhajoji irin su Krita da Sketchbook da ibisPaint suna aiki a allunan Android masu sauƙin kuɗi, Procreate kuma sai a iPad. Wasu daga cikinsu suna naɗar yadda zanen ya taso daga layin farko zuwa na ƙarshe, abin da ke da amfani ga malami da ɗalibi. Zanen da aka gama da hantsi yana iya isa wayar dagacin garin kafin azahar.

Wahalhalunsa ma na zahiri ne. Hasken rana yana kashe fuskar allo, har mai zane ya kasa bambance launuka. Kamfanin Apple ya ƙayyade digiri 35 a ma'aunin Salsiyos a matsayin iyakar zafin da na'urarsa ke aiki daidai a cikinsa, alhali a Afrilu zafin Kano yana haura 40. Batir yana ƙarewa, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce a ƙauye. Maganin duk waɗannan sananne ne ga manomi tun kafin a ƙera kwamfuta: a fita da sassafe, a nemi inuwar darbejiya, a koma da la'asar. Ƙaramar sola da batirin ajiya sun isa sauran. Wanda kuma ba shi da allo, fensir da littafi suna nan, daga baya a ɗauki hoton shafin. Na'urar hanya ce kawai, kallon shi ne aikin.

Idon aro

Babban hatsarin ba ya cikin rana ko ƙura. Yana cikin kan mai zanen. Duk wanda ya taɓa duba zanen yaran firamare, ko bangon shagon aski, ko bayan babbar mota, ya san kogin da ake zanawa a ƙasar nan: shuɗi ne, yana gangarowa daga tsakanin duwatsu masu tsini, da ɗan gida mai jan rufi a gefe. Wannan kogi ba ya Kano. An gaje shi daga littattafan makaranta da kalandun waje, ya zauna a ƙwaƙwalwa har ya rufe na gaske. Allon lantarki yana ƙara wa wannan cuta ƙarfi, domin darussan da ke intanet galibi a ƙasashe masu sanyi aka shirya su, da launukansu da itatuwansu. Yanzu kuma ga manhajojin basirar na'ura da ke ƙirƙiro hoton kogi cikin daƙiƙa, kyakkyawa, mai sheƙi, wanda ba ya ko'ina a duniya.

Gawo ya isa misali. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa, shi ya sa manoma ke barin sa a tsakiyar gona: ba ya hana gero rana, ganyensa yana takin ƙasa, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Mai zanen da ke aiki da idon aro zai lulluɓe shi da ganye a zanen damina saboda ya ga komai kore ne, ko ya tuɓe shi a zanen rani. Da wannan kuskure guda ya shafe hikimar noma ta ɗaruruwan shekaru. Haka sararin hunturu, wanda ba shuɗi ba ne, fari ne mai ɗaukar ruwan toka, rana a cikinsa kamar faifai. Haka ruwan Agusta mai launin kunun kanwa. Koyon ganin waɗannan launuka yadda suke wani nau'in 'yanci ne.

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce a Arewa. A 1958 ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Matsayinsu shi ne a karɓi dabarun da aka koyo daga Turai, amma abin da za a zana da yadda za a gan shi su fito daga gida. Mai riƙe da allon lantarki a bakin Gari yana gaban wannan zaɓi ne da sabon kayan aiki.

Gaskiyar zane tana kuma nufin ƙin share abin da ba shi da daɗin gani. Maɓallin gogewa yana kusa da yatsa, kuma zuciya tana son kawar da ledojin da suka maƙale a ciyawa, da kumfar da ke yawo a kan Jakara, da ramin da tifa ta bari. Wanda ya goge su ya samu hoton rataya a falo, ya kuma yi asarar shaida. Bayan shekara talatin ledar da ramin ne za su fi gaya wa mai kallo yadda aka rayu a wannan zamani.

Masu ja, da hujjojinsu

Akwai waɗanda za su ɗaga batun addini, kuma batu ne da ba a tsallake shi a Kano. Hadisan da suka yi gargaɗi game da surantawa sanannu ne, malamai kuma sun yi bayani mai faɗi a kansu. Amma a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ce da yin hotuna yake ci. Bayan ya isar masa da gargaɗin, sai ya nuna masa mafita: ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Kogi da gaɓa da gajimare da gona suna cikin wannan fili mai faɗi da jumhurun malamai ba su yi saɓani a kan halaccinsa ba. Al'ummar da ta ƙware a zayyanar allo da adon bango da aikin babbar riga ba baƙuwar layi da launi ba ce. Abin da bai bunƙasa a cikinta ba shi ne al'adar zana wani wuri takamaimai yadda yake, kuma babu abin da ya hana ta.

Wasu za su ce wannan shagalin masu ƙoshi ne: manomi yana fama da tsadar taki da fetur, wani ya zo da na'urar da kuɗinta ya kai na amfanin gonarsa yana zana masa ruwa. Zargin yana da gaskiya idan zanen ya tafi birni bai dawo ba. Yana rasa ƙarfi idan aka buga kwafi aka kai wa mai gonar, aka liƙa wani a makarantar garin, aka bar ɗan manomin ya riƙe alƙalamin. Ranar da ƙungiyar manoman fadama za ta tsaya gaban hukuma tana kukan zaizayar gaɓa, jerin zane na shekara biyar mai ɗauke da ranaku, haɗe da hotuna, ya fi dogon jawabi. Gani ya kori ji.

Akwai kuma zargin da ya fi kowanne tushe, wato na mutanen karkara kansu. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma ƙauyukan da ke kewaye da Kano sun sha ganin baƙo ya zo da na'ura yana dube-dube, bayan 'yan watanni a kafa turaku a gonakinsu. Mutumin da ya tsaya a bakin fadama yana kallo yana rubutu a allo, a idonsu ɗan safiyo ne har sai ya tabbatar da akasin haka. Saboda haka ladabi yana gaba da fasaha. A fara da gaisuwa a ƙofar mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izinin mai gona, a juya masa allon ya gani. Mashayar da mata ke wanka ko wanki a kauce mata. Wuraren da ke da matsalar tsaro, musamman ta iyakar Katsina, a bi shawarar mutanen gari kafin a je. A ƙasar da kowane taku yake da mai shi, babu kallon da ba ya buƙatar sallama.

Wa zai yi, kuma a ina za a ajiye?

Aikin ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko kasafin kuɗi. Cibiyoyin da za su iya ɗaukar sa suna tsaye a cikin yankin: Kwalejin Aikin Gona ta Audu Baƙo a Ɗambatta, Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Bichi, sashen labarin ƙasa na Jami'ar Bayero, da sassan zane na manyan makarantun birni. Malamin da ke fita da ɗalibai aikin fili zai iya ware wurare goma a kan kogi ɗaya, kowanne da alamar da ba ta motsi, kamar gada ko dutse ko tsohuwar kuka, ya sa a zana su sau huɗu a shekara: tsakiyar damina, kaka, hunturu, bazara. Kowane zane ya ɗauki rana da sa'a, da inda mai zanen ya fuskanta, da sunan wurin a bakin mutanensa, da sunan wanda ya faɗa idan ya yarda. Ba a neman gwaninta. Layi mai karkata da ya faɗi gaskiya ya fi layi mai kyau da ya yi ado. Ɗaliban bana su miƙa wa na baɗi, kamar yadda ake miƙa gona.

Likita ko lauya ko ma'aikacin banki da ke komawa garinsu ƙarshen mako shi ma yana da rabo. Rafin da ya yi wanka a ciki yana yaro yana nan, ko kuma abin da ya rage daga gare shi. Sa'a ɗaya a wata ta isa.

Sai batun ajiya, inda allon lantarki ya fi rauni. Zanen Barth ya rayu saboda an buga shi a takarda an rarraba a ɗakunan karatu. Fayil ɗin kwamfuta yana mutuwa da faɗuwar na'ura, ko mantuwar kalmar sirri, ko rufewar kamfanin da ya yi manhajar. Dole a fitar da kowane zane a tsarin hoto na gama-gari, a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, a buga zaɓaɓɓu a takarda mai kyau, a kai kwafi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ko ɗakin karatun jami'a. Abin da ya zauna a waya ɗaya bai zama tarihi ba tukuna.

Kogunan arewacin Kano za su ci gaba da sauyawa. Birni yana matsowa, tafkuna suna cika da laka, ana ta kwasar yashi, yawan jama'a kuma yana ƙaruwa a filin da tun 1965 aka ce ya cika. Masu yanke hukunci a kan waɗannan koguna nan da shekara talatin yara ne yau a makarantun Minjibir da Makoɗa da Bagwai. Idan suka taso ba su taɓa ganin yadda gaɓar take a da ba, za su ɗauka lalacewar da suka tarar ita ce halitta, kuma ba wanda ke gyara abin da bai san ya lalace ba. Zanen da aka yi wannan daminar, komai sauƙinsa, shi ne ma'aunin da za su riƙe.